Robert Ingersoll da Muhawarar Addini a Amurka cikin Ƙarni na 19

A shekarar 1869 ne Thomas Huxley, masanin kimiyya na Ingila, ya ƙago kalmar "agnostik", watau mai ra'ayin cewa hankalin ɗan Adam ba zai iya tabbatar da samuwar Ubangiji ba, ba kuma zai iya kore ta ba. A Amurka, wanda ya fi kowa yayata wannan ra'ayi shi ne Robert Ingersoll (1833-1899), lauya kuma tsohon kanar a Yaƙin Basasa, wanda mahaifinsa limamin coci ne.

Masu adawa da shi ba su iya kau da kai ba. A 1881 mujallar North American Review ta buga jayayyarsa da Jeremiah Black a kan Kiristanci. A 1888 kuwa William Gladstone da kansa, wanda ya riga ya zama firayim ministan Birtaniya sau uku, ya mayar masa da martani a wannan mujalla.

Doka ma ƙarfinta ya soma raguwa. A 1887 aka gurfanar da Charles Reynolds a Morristown, cikin jihar New Jersey, bisa laifin ɓatanci ga addini. Ingersoll ya tsaya masa. An same shi da laifi, amma tarar dala 25 ce kawai da kuɗin shari'a, Ingersoll kuma ya biya.

Siyasa ce dai ba ta yafe masa ba. Jam'iyyar Republican ta mori fasaharsa wajen yaƙin neman zaɓe, dubban mutane suna biyan kuɗi su saurari laccarsa, amma tun da ya sauka daga muƙamin babban lauyan jihar Illinois a 1869 bai sake riƙe wani muƙamin gwamnati ba.