KUJERAR GWAMNAN SAKKWATO DA ƘURI'AR MACE

Na san wata da ta ga kan wannan magana za ta ce, ita kuma wannan me ya kai ta siyasa, ba ta tsaya ga labarin soyayyarta ba? To ki yi haƙuri ki karanta, abin da ya sa ni shi ne wata rana ina zaune muna gyaran tafarnuwa da kakata a Shinaka, sai ga mota ta wuce da lasifika ana ta kirarin ɗan takara. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ke ɗiyata, wanga abu da kuka ɗauka wasa, mu sai da munka haifi ɗiya kamin a bar mu mu taɓa shi." Maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin kujerar nan.

Kafin a yi jihohi, Arewa duk ɗaya ce, kuma Firimiyanta ɗan maƙwabtanmu ne, Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya riƙe daga 1954 har aka kashe shi a Janairun 1966. A duk zaɓukan zamanin nan mace a Arewa ba ta da ƙuri'a, ga shi kuwa matan Kudu suna jefawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a gwagwarmayar siyasa, kuma neman ƙuri'ar mata na cikin abin da ta tsaya a kai. A 1967 Janar Gowon ya yi jihohi 12, muka faɗa Jihar Arewa maso Yamma a hannun Usman Faruk. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya raba ta biyu, aka sami Sakkwato da Neja. Gwamnonin farko, Umaru Mohammed da Gado Nasko, sojoji ne, daga Ikko aka turo su, ba wanda ya tambayi ra'ayin kowa.

Sai a 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a 1979 suka zaɓi gwamna. Kin ga ke nan ranar da namijin Sakkwato ya fara zaɓen gwamna, ranar mace ma ta fara, ba wanda ya riga wani. Inna ta ce da ƙyar Malam ya bari suka fita ita da abokiyar zamanta, suka sha lulluɓi, aka ce su nemi hoton gida da masara su dangwala. Alamar NPN ke nan, jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari. Ita ta ba mu zaɓaɓɓen gwamna na farko, Alhaji Shehu Kangiwa, ya hau ranar 1 ga Oktoba 1979. Allah bai nufa ya ƙare wa'adinsa ba, a Nuwamban 1981 ya faɗo daga kan doki wajen wasan folo a Kaduna, ya rasu. Mataimakinsa Dokta Garba Nadama ya gaje shi, ya kuma ci zaɓen 1983, amma ko wata huɗu ba a yi da rantsuwa ba soja suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba.

Daga nan aka shiga shekara takwas ta kaki: Garba Duba, Garba Mohammed, Ahmed Daku, Bashir Magashi. A ƙarshen 1991 Janar Babangida ya bari aka yi zaɓe da jam'iyyu biyu da gwamnati ta ƙirƙiro da kanta, NRC da SDP. Iyayenmu ba su manta da zaɓen nan ba, don shi ne na ƙato bayan ƙato, ki tsaya a layi bayan hoton wanda kike so, kowa na kallonki. Ki duba halin matar da mijinta ke wancan layi! Malam Yahaya Abdulkarim na NRC ya ci, ya hau a Janairun 1992, bai cika shekara biyu ba Janar Abacha ya rushe komai a Nuwamban 1993. A tsakanin nan jihar ma ta yi ta raguwa kamar tuwon gidan yawa, an cire Kabi a 1991, an cire Zamfara a 1996, aka bar mu da ƙananan hukumomi 23. In kika lissafa, daga 1976 zuwa 1999 kimanin shekara 17 soja ne a gidan gwamnati.

Tun 29 ga Mayu 1999 kuwa ba a sake katse mulkin farar hula ba. Alhaji Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa nan gabashinmu, ya yi shekara takwas, an zaɓe shi ne a APP wadda ta koma ANPP. Mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko suka ɓata, ya ajiye muƙami a 2006, ya tsaya a PDP ya ci zaɓen 2007. Shi kam sau uku aka zaɓe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen farko a Afrilun 2008, Kakakin Majalisa Abdullahi Balarabe Salame ya yi riƙo, aka sake a Mayu ya ci. A Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta ce wa'adinsa da na wasu gwamnoni huɗu ya riga ya ƙare, aka koma rumfa a Fabrairu ya sake ci. Aminu Waziri Tambuwal ya karɓa a 2015 a APC, ya koma PDP a 2018, mataimakinsa Ahmed Aliyu ya ƙi binsa. Wani abin lura, cikin mutum bakwai da aka zaɓa, uku sai da suka yi mataimaki tukuna. Ashe zaman gwamna da mataimaki ma wani lokaci kamar na uwargida da amarya ne, ana dariya ana lissafi.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. A zaɓen 9 ga Maris 2019 Tambuwal da Ahmed Aliyu suka kara, hukumar zaɓe ta ce bai kammalu ba, domin ƙuri'un da aka soke sun fi ratar da ke tsakaninsu. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris. Da aka tattara, Tambuwal na da 512,002, Ahmed Aliyu na da 511,660. Bambancin 342 ne kacal! Wallahi matan da ke taruwa a wunin bikin gidan mai hali sun kai haka. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a Janairun 2020, sannan a Maris 2023 Ahmed Aliyu ya ci a APC, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu. Bayan 342 ɗin nan, duk wadda ta ce mini ƙuri'arta ɗaya ba ta ƙara komai, sai in ce ba ta ji labari ba.

Me ke hannun mai kujerar? Tsarin mulki ya ba shi shekara huɗu, in an sake zaɓensa ya ƙara huɗu, shi ke nan. Ba ya ci sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, don haka ba ya iya raina Goronyo ko Wurno ko Rabah. Shi ke kai kasafin kuɗi gaban majalisa, shi ke naɗa kwamishinoni. Ungozoma a asibitin garinku, malamar makarantar 'yarki, hanyar da za a fitar da albasa da shinkafa daga fadama, duk da sa hannunsa. Sojoji da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, haka ma madatsar ruwan Goronyo, amma ranar da ambaliya ta ci garuruwan bakin gulbin Rima a 2010, da ranar da 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 suka kashe mutane da dama, wa aka fara kallo? Gwamna. Kuma wa aka bari da marayu da tukunya ba wuta? Mu.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an shigo lungu da sabulu da taliya da turmin atamfa, mata na turereniya. Sabulun nan sati biyu ya narke, atamfar ta koɗe kafin Sallah, shi kuwa yana nan zaune shekara huɗu. Ni ba zan ce ki zaɓi wane ba, ba aikina ba ne. Abin da nake roƙo, ki nemi katinki ki adana shi inda kike ajiye sarƙar aurenki, ki nemi izinin maigida da lalama tun kafin ranar, in masu neman ƙuri'a sun zo ki tambaye su zancen asibiti da makaranta da tsaro. Yanzu ba layi ake yi ba, daga ke sai Allah a wurin dangwale.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma har a 2023 sai da ta sa aka riƙa hannunta zuwa rumfa. Da na ce ta huta, cewa ta yi, "Abin da ka jira shekara da shekaru, ba ka barinai don zafin rana." Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.