The Last Jedi da Rabuwar Kan Masoya Star Wars

The Last Jedi shi ne kashi na takwas a jerin finafinan Star Wars. Rian Johnson ne ya rubuta labarinsa kuma ya ba da umarni, aka sake shi a gidajen sinima a watan Disamba na 2017. Ta fuskar ciniki ya tara sama da dala biliyan 1.3 a faɗin duniya, ya fi kowane fim na wannan shekara kawo kuɗi. Masu sharhin finafinai ma sun yaba masa, domin a dandalin Rotten Tomatoes wajen kashi 90 cikin 100 nasu sun ce ya yi kyau. Amma a wannan dandali, makin da 'yan kallo suka ba shi ya yi ta zamewa har ya koma ƙasa da kashi 50. Shi kuwa kamfanin CinemaScore, wanda ke tare mutane a bakin ƙofar sinima a daren farko yana jin ra'ayinsu, makin A ya samo. Wannan saɓani na ma'aunai ne ya sa fim ɗin ya zama abin nazari ga masu binciken al'adun 'yan kallo. Idan aka bi rigimar daki-daki za a ga cewa tushenta gado ne: wa ya mallaki labarin, kuma me sabon kashi ya wajaba ya riƙe daga na baya.

Gadon da ake magana mai nauyi ne. George Lucas ya fito da fim na farko a 1977, na biyu da na uku suka biyo baya a 1980 da 1983, sannan ya dawo da wasu uku tsakanin 1999 da 2005. A tsakanin waɗannan shekaru an wallafa littattafai masu ɗimbin yawa da suka ci gaba da labarin Luke Skywalker bayan faɗuwar daular zalunci, mafi shahara a cikinsu su ne na Timothy Zahn da suka fara fitowa a 1991. A cikinsu Luke ya girma ya zama babban malamin Jedi, ya kafa makaranta, ya yi aure. Da kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, sai a 2014 aka sanar cewa waɗannan littattafai sun fita daga sahihin tarihin labarin. Masoyan da suka shafe shekara ashirin da ɗoriya suna karanta su sun haɗiye abin ne da fatan sabon fim zai biya su da Luke wanda ya kai wancan ko ya fi shi.

The Force Awakens na J. J. Abrams, wanda ya fito a 2015, bai biya wannan bashi ba, ɗage shi ya yi. Ya samu sama da dala biliyan 2, kuma babban sukan da ya sha shi ne ya kwaikwayi fim ɗin 1977 ƙwarai da gaske. Ya kuma bar tambayoyi a buɗe: su wane ne iyayen jarumar fim ɗin, Rey, daga ina shugaban abokan gaba, Snoke, ya fito, me ya kai Luke wani tsibiri ya ɓuya. Shekara biyu cur masoya suka yi suna hasashe a YouTube da Reddit, wasu na cewa Rey 'yar Luke ce, wasu na cewa jikar Obi-Wan Kenobi ce. Wanda ya ɓata dare da rana yana gina hasashe, ya shiga sinima ne da amsar da yake so a ba shi.

Fim ɗin Abrams ya ƙare ne a kan tsibirin, wanda aka ɗauka a Skellig Michael da ke gaɓar Ayalan: Rey ta hau matakalar duwatsu, ta miƙa wa Luke tsohon takobinsa na haske, kiɗa ya tashi, ba wanda ya ce uffan. Johnson ya ɗora daga daidai nan. Luke ya karɓi takobin, ya dube shi, ya wurga shi ta bayan kafaɗarsa, ya wuce abinsa. Duk rigimar tana cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Wasu sun ga mutumin da baƙin ciki ya cinye har ya ƙyamaci sunansa. Wasu kuwa sun ga darakta yana yi wa jiran da suka yi dariya.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan Luke ne, kuma ya cancanci a saurare shi da idon basira. Masu shi suna cewa mutumin da ya hango sauran alheri a zuciyar Darth Vader, ya sa ransa cikin haɗari don ya ceto shi, ba zai taɓa tsayawa a kan ɗan 'yar'uwarsa yana barci ya zare takobi ba, balle ya gudu ya bar 'yar'uwar tasa Leia cikin yaƙi. Shi kansa Mark Hamill, wanda ya fito a matsayin Luke tun 1977, ya faɗa a hirarraki cewa bai yarda da yadda aka juya halin jarumin ba, ko da yake daga baya ya nuna nadamar fito da shakkunsa a bainar jama'a, ya kuma yaba wa fim ɗin. Maganarsa ta farko ce aka fi yaɗawa.

Sai dai wannan ƙorafi yana da rauni ta wurare da dama. Ba Johnson ne ya kai Luke tsibiri ba. A fim ɗin 2015 Han Solo ya riga ya bayyana cewa wani almajiri ya juya wa Luke baya ya rusa makarantar, Luke ya ɗora wa kansa laifi ya bar komai. Aikin da ya rage wa Johnson shi ne ya samo dalilin da zai isa ya sa mutum kamar Luke ya yi haka, kuma kunyar abin da ya aikata da hannunsa ta fi kowane dalili gamsarwa. Fim ɗin ya nuna daren da makarantar ta rushe sau uku: yadda Luke ya fara ba da labarin yana ɓoye nasa laifin, yadda Ben Solo, ɗan 'yar'uwar tasa kuma almajirin da ya juya masa baya, ya gan shi da ya farka, sannan yadda ya faru a haƙiƙa, wato tunanin kisa ya gilma masa na ƙiftawar ido, ya wuce, amma yaron ya riga ya buɗe ido ya ga takobi a kansa. Wannan kuwa ba baƙon hali ba ne ga Luke. A Return of the Jedi, da Vader ya ambaci 'yar'uwarsa, ya afka masa cikin fushi har ya sare masa hannu, kafin ya dawo hayyacinsa ya jefar da takobin. Mutum ne mai saurin hasala da saurin nadama tun yana saurayi. Luke marar aibi wanda wasu suka yi kewarsa ya fi zama a cikin littattafai da tunanin yarinta fiye da finafinan Lucas.

Ƙarshen da aka yi masa ma ya ƙara nuna haka. A duniyar Crait, inda farin gishiri ya lulluɓe jar ƙasa, duk wanda ya taka sai sawunsa ya fito ja. Luke ya fito shi kaɗai gaban rundunar abokan gaba ta First Order, aka yi masa ruwan wuta bai ko girgiza ba, ya tsaya gaban Kylo Ren, wato Ben Solo ɗin, yana kauce wa sara ba tare da ya kai nasa ba. Mai lura zai ga ƙafarsa tana goga gishirin amma ba ta barin jan sawu. Daga baya aka gane cewa surarsa ce kawai ya aiko daga tsibirin, ya janye hankalin abokan gaba har ragowar 'yan gwagwarmaya suka tsere, wahalar hakan kuma ta yi ajalinsa. Tun a fim ɗin 1980 malaminsa Yoda ya koya masa cewa ƙarfin Jedi na neman sani ne da kare kai, ba na kai hari ba. Babu wani wuri a cikin jerin da aka cika wannan koyarwa kamar nan.

Batun Rey da Snoke ya fi sauƙi. Fim ɗin ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne, 'yan tsintar tarkace ne da suka sayar da ita, ya kuma sa Kylo Ren ya kashe Snoke a tsakiyar labari ba tare da an faɗi asalinsa ba. Masu hasashe sun ji an yi musu rowa. Amma ga yarinyar da ta rayu tana jiran a zo a gaya mata ita 'yar wani ce, babu amsar da ta fi wannan ciwo, kuma ita ce ta buɗe ƙofar cewa baiwa ba gadon gida ɗaya ba ce. Shi ya sa fim ɗin ya rufe da wani yaro bawa mai share barga yana jawo tsintsiya zuwa hannunsa ba tare da ya taɓa ta ba. Game da Snoke kuwa, shi ma Sarki Palpatine na daular zalunci babu wanda ya san asalinsa a 1983, kuma hakan bai rage wa wancan fim komai ba.

Ainihin raunin The Last Jedi yana wani wuri dabam, kuma masu kare shi sukan yi saurin tsallake shi. Fim ne mai tsawon minti 152, kuma tsakiyarsa ta yi nauyi. Tafiyar Finn da Rose zuwa birnin caca na Canto Bight ta ɗauko magana mai muhimmanci, cewa attajirai suna sayar wa ɓangarorin biyu makamai, amma an faɗe ta da baki fiye da yadda aka nuna ta, kuma Finn, tsohon sojan da ya gudu daga First Order, an maimaita masa darasin da ya riga ya fara koya a fim ɗin baya. Ɓoye wa Poe Dameron shirin da kwamanda Holdo ta yi, wanda ya jawo bore a jirgi, ya fi kama da dabarar marubuci don ya tsawaita labari. Barkwancin farkon fim ɗin bai dace da nauyin abin da ya biyo baya ba. Ko wurin da Holdo ta banka jirginta cikin rundunar abokan gaba da gudun haske, inda sauti ya ɗauke ɗif na wasu daƙiƙoƙi har wasu gidajen sinima a Amurka suka liƙa sanarwa cewa da gangan ne, ya bar tambaya mai ma'ana: in ana iya haka, me ya hana a yi tun da can? Mai irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe yana kan gaskiyarsa, kuma ba ya bukatar a bincika zuciyarsa.

Akwai kuma wani rukuni da damuwarsu ba fasahar labari ba ce. A farkon 2018 wani ya yanke fim ɗin ya mai da shi kimanin minti 46 don ya rage rawar da mata suka taka. Kelly Marie Tran, 'yar asalin Biyetnam da ta fito a matsayin Rose, ta sha zagi kan launinta da surarta har ta goge hotunanta na Instagram a watan Yuni na 2018, daga baya ta rubuta maƙala a jaridar New York Times kan abin da ta gani. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma ba shi ne na farko ba: Ahmed Best, wanda ya fito a matsayin Jar Jar Binks a 1999, ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar da ya sha ta kusa kai shi ga hallaka kansa. Wani bincike da Morten Bay na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar a 2018, kan saƙonnin da aka aika wa Johnson a Twitter, ya gano cewa masu suka kusan ɗaya ne cikin biyar, kuma wajen rabinsu ko dai manufar siyasa ce ta kawo su ko kuma asusun bogi ne. Binciken ƙarami ne, bai wakilci duk 'yan kallo ba, amma ya nuna cewa ƙarar murya dabam, yawan jama'a dabam. A lokacin kowa na iya ba da maki a Rotten Tomatoes ko bai kalli fim ba, sai a 2019 dandalin ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti.

Cuɗanya waɗannan rukunai biyu ita ce ta lalata muhawarar. Masu son fim ɗin sun riƙa shafa wa duk mai suka kashin kaji, su kuma masu ƙiyayya suka fake a bayan masu suka na gaskiya. Tun a 1992 Henry Jenkins ya nuna a littafinsa Textual Poachers cewa masoya ba 'yan kallo ne zalla ba, suna ɗaukar labari su sarrafa shi su mai da shi nasu. Wannan mallaka ta zuciya gaskiya ce, ita ce ma ta raya Star Wars shekara arba'in. Amma ba ta ba kowa ikon hana labari tafiya inda bai zata ba, balle ikon cin mutuncin 'yar wasa.

Babban kuskuren na kamfanin ne. An shiga finafinai uku ba tare da tsayayyen tsari guda ba, aka miƙa su hannu zuwa hannu. Colin Trevorrow, wanda aka ba kashi na tara, ya bar aikin a watan Satumba na 2017, Abrams ya dawo, ga kuma rasuwar Carrie Fisher, wadda ta fito a matsayin Leia, a Disamba na 2016 da ta rushe abin da aka tanadar wa Leia ɗin. The Rise of Skywalker na 2019 ya zama tufka da warwara. Rey ta koma jikar Palpatine, shi kansa Palpatine ya dawo daga mutuwa ba da wani gamsasshen bayani ba, Kylo Ren ya ɗinke hular da ya farfasa, fatalwar Luke ta cafke takobin da Rey ta jefa wuta, Rose kuma aka bar ta a gefe da fitowar da ba ta kai minti biyu ba. An nemi a lallashi masu fushi, aka ɓata wa masu yabo, aka tashi babu tsuntsu babu tarko. Fim ɗin ya tara kimanin dala biliyan 1.07, ƙasa da wanda aka yi shi don gyarawa, kuma 'yan kallon da CinemaScore ya tare a bakin ƙofa, irin waɗanda suka ba The Last Jedi makin A, shi B+ suka ba shi.