Shirin ko-ta-kwana: Abin da ke sa mutanen Batsari da Safana ɗaura ɗamara

Shirin ko-ta-kwana shi ne tanadin da mutum ko al'umma ke yi kafin aukuwar bala'i, domin rage asarar rai da dukiya. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke gefen Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, bala'in da ya fi tsaya wa jama'a a rai shi ne harin 'yan bindiga. Ambaliya da fari suna biyo baya.

Babban abin da ke farkar da mutane shi ne gani da ido. A watan Mayun 2019 an kashe manoma a 'Yargamji ta Batsari, har aka kawo gawawwakinsu birnin Katsina domin hukuma ta shaida. A ranar 14 ga Fabrairu, 2020, an hallaka mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Bayan irin waɗannan hare-hare, magidanta da dama sun kai mata da yara cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, wasu suka sayar da shanunsu tun kafin a kore su, wasu kuma suka daina cika rumbu a bakin daji. Labarin maƙwabta ma yana aiki, kamar yadda ake cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai tsoro kaɗai ba ya wadatarwa. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Ronald Rogers, ya fitar da wani ra'i a 1975, aka faɗaɗa shi daga baya, wanda ke nuna cewa mutum yana ɗaukar mataki ne idan ya ga haɗarin babba ne kuma yana kusa, sannan ya gamsu cewa matakin zai yi amfani kuma yana da ikon ɗaukarsa. Nan ne talauci ke shigowa. Manomin da bai da kuɗin haya a birni ya san haɗarin sarai, amma gonarsa ce abincinsa, dole ya koma.

Akwai kuma batun yarda da mai gargaɗi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NEMA da SEMA suna jan kunne kan ambaliya, musamman tun bayan wadda ta ci rayuka da dama a Jibiya a Yulin 2018. Amma a karkara, maganar mai unguwa ko limami ko kiran wayar ɗan'uwa ta fi sanarwar ofis saurin tayar da mutum. Shi ya sa katse layukan waya da aka yi a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumbar 2021 ya zama takobi mai kaifi biyu: an toshe wa masu kai wa 'yan bindiga rahoto hanya, an kuma hana ƙauye sanar da ƙauye. Malamai na da nasu tasirin, domin su ke tunatar da jama'a cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Manufofin gwamnati su ma suna juya tunanin jama'a. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutane su kare kansu, a Oktoban 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da aka ɗauko daga 'ya'yan yankunan. Sulhun da shugabannin al'umma suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 ya ba wasu damar komawa gonaki da kasuwanni, ko da yake waɗanda suka ga yadda sulhun 2016 da na 2019 suka wargaje ba su saki jiki ba.