Ƙarewar Daji a Yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Rabon Ƙasa da Sakamakonsa

Ƙasar da ta miƙe daga 'Yandoto zuwa duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi fili ne mai itatuwa jefi-jefi, irin su ɗorawa, kaɗanya, marke, ƙirya da kuka. A tsarin gargajiya gona da makiyaya da burtali kowanne yana da iyakarsa, kuma sarakuna da masu unguwanni ne ke tsare ta. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ƙara wa wannan tsari ƙarfi.

An saba ɗora laifin ƙarewar daji a kan masu itacen girki. Suna da nasu kaso, musamman masu gawayi, waɗanda ke bin ƙirya saboda ƙarfin garwashinta su kayar da ita tun daga tushe. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar kananzir da gas sun ƙara tura gidajen Gusau ga gawayi. Amma babbar ɓarnar daga rabon ƙasa ta fito. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da har hekta 500 domin noma. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, musamman daga 1999 zuwa gaba, an yanka sassan dazuzzuka da makiyayu an mayar da su gonaki. Mai gatari yakan bar kututture ya sake toho. Wanda aka ba takardar gona kuwa tumɓuke shi yake yi, don garma ta samu hanya.

Da ƙasa ta tsiraita, ruwan damina ya riƙa kwasar ta, zaizaya ta ci gonaki, yashi ya gangara Gulbin Sakkwato wanda madatsar ruwan Gusau ta dogara da shi. Toshewar burtali ta sa shanu faɗawa cikin amfanin gona, kuma wannan yana cikin tushen rikicin da ya mayar da dazuzzuka irin su Kuyambana da Rugu mafakar 'yan bindiga. Hakan ya kai ga a watan Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ba don kare itatuwa ba sai don tsaro.

Maraɗi ta Nijar ta nuna wata hanya. Tun daga 1983 manoma suka fara sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma ya yi ƙarko ne domin manomi ya tabbata itacen nasa ne. Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma dashe ba zai wadatar ba matuƙar ba a sake shata iyakokin daji da burtali an tsare su da doka ba.