Kaza, Tsuntsun Daji da Cutar Abinci: Tarihin Wani Bincike

Duk wanda ya fito daga birni ta Ƙofar Nassarawa da sassafe, ya nufi Sakatariyar Audu Bako, da wuya ya isa ofis bai ga mai babur ɗauke da kejin kaji ba, ko mai shayi yana fasa ƙwai, ko balbela tana kiwo a kan juji. Ba mai tsayawa ya dube su, domin ido ya saba. Amma tsakanin kazar nan da ƙwan nan da balbelar nan akwai wata dangantaka wadda masana suka yi fiye da shekara ɗari suna bin diddiginta, watau ta ƙwayoyin cuta masu zama cikin hanjin tsuntsu, su fita tare da kashinsa, su shiga abincin ɗan Adam.

Haɗuwar tsuntsun daji da na gida tsohon al'amari ne a Kano. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya shigo cikin 1824, ya rubuta labarin fadamar Jakara wadda ta raba gari biyu, cike da agwagin daji da ungulaye, kusa da kasuwa. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo cikin 1851, shi ma ya koka da kududdufai. Su biyun ƙazanta da wari suka gani, domin a zamaninsu ba a san ƙwayar cuta ba tukuna.

Cikin 1885 ne Theobald Smith, wani ma'aikaci a ƙarƙashin likitan dabbobi Daniel Salmon a Amurka, ya ware wata ƙwaya daga jikin aladu. Daga baya aka sa mata sunan maigidan, Salmonela, aka bar wanda ya yi aikin, abin da ƙananan ma'aikata ba za su yi mamakinsa ba. Sannu a hankali aka gane iri-irinta suna da yawa. Jerin farko da aka buga cikin 1934 yana da iri 44, yanzu kuwa sun haura 2,500. Al'adar masana ita ce a raɗa wa sabon iri sunan garin da aka fara samunsa, saboda haka jerin nan ya zama kamar taswira. Akwai Salmonela Ibadan, da Legas, da Kaduna, da Zariya, da Jos, da Vom, akwai kuma Salmonela Kano. Sunan birnin Dabo ya shiga littattafan likitocin duniya ta wannan ƙofa, galibin Kanawa ba su sani ba.

Dalilin yawan sunayen Nijeriya shi ne aikin da aka yi cikin shekarun 1950. Ɗakin gwajin dabbobi na Vom, wanda aka kafa cikin 1924 saboda bushiyar shanu, ya yi nasa. A Kwalejin Jami'a ta Ibadan kuwa, Farfesa Patrick Collard da abokan aikinsa suka jera maƙaloli ɗaya bayan ɗaya a kan Salmonela a jikin mutane, da shanu, da kaji, har da ƙadangare. Wanda ya bi maƙalolin nan a jere zai ga tunanin mai su yana faɗaɗa. Ya dubi majiyyaci, ya dubi mahauta, ya kuma dubi abin da ke yawo a tsakar gida. Wannan shi ne amfanin karanta ayyukan malami gaba ɗaya. Ƙirga su kawai, yadda ake yi in za a ƙara wa mutum girma, ba ya nuna inda tambayarsa ta dosa.

Ƙwaya ta biyu, Kamfilobakta, ta daɗe a ɓoye saboda wuyar rainonta a ɗakin gwaji. Sai cikin 1977 Martin Skirrow na Ingila ya fito da hanya mai sauƙi, nan da nan aka ga tana cikin manyan masu kawo gudawa a duniya, kaza kuwa ita ce babbar ma'ajiyarta, ba tare da ita kazar ta nuna ciwo ba. A can ne kuma aka kama tsuntsun daji dumu-dumu. Cikin 1990 aka gano cewa waɗansu tsuntsaye dangin hankaka suna huda murfin kwalaben madara da ake ajiyewa a ƙofar gida da asuba, masu gida su sha, su kwanta.

A Arewa kiwon kajin Turawa ya bunƙasa bayan shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, bincike kuwa ya biyo baya a tsangayoyin likitan dabbobi na Zariya da Maiduguri da Sakkwato. Cikin 2009 Ibrahim Raufu da waɗansu masana na Denmak suka ba da labarin wani iri da ba a cika gani ba, Hiduddify, a kaji da naman kaji na Maiduguri. Cikin 2017 Idowu Fagbamila na Vom da abokansa suka buga sakamakon gonaki 523 na kajin ƙwai, inda suka sami Salmonela a kusan 44 cikin ɗari, irin da ya fi yawa kuwa shi ne Kentucky. Cikin 2020 Abdurrahman Jibril na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya sami ƙwayar a kusan rabin gonakin da ya gwada a Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Irin Kentucky ɗin nan abin damuwa ne, gama tun 2011 masana a Faransa suka nuna wani reshensa ya daina jin siprofloksasin, maganin da likita kan dogara da shi, sun kuwa ambaci kajin Nijeriya cikin wuraren da aka same shi. Mai gona da ke zuba maganin ƙwayoyin cuta cikin ruwan kaji ba tare da likita ba, kullum horar da ƙwayar yake yi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa kaza kowane laifi. Zazzaɓin taifot Salmonela ce ke kawo shi, amma irin da ba ya zama sai a jikin mutum, hanyarsa kuwa gurɓataccen ruwa da hannu mara wanki. Binciken da Stephen Obaro ya jagoranta a kan jinin yara a Kano da Abuja, wanda aka buga cikin 2015, ya sami ta taifot da wadda ba ta taifot ba, dukkansu a jinin yaran Kano.

Sashen tsuntsun daji shi ne ya fi ƙaranci cikin wannan tarihi. Hankalin hukuma ya koma kansa cikin Fabrairun 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, ta kuma ɓarke a gonakin Kano. Aka kashe kaji, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, ma'aikata suka shiga fadamar Haɗejiya da Nguru suna gwada agwagin da ke zuwa daga Turai. Amma mura bairos ce, tana kashe kaji a kwana biyu, mai gona ya yi kuka a ji. Salmonela ba ta da wannan amo. Yaro ne zai yi gudawa, a ce haƙori yake fitarwa. Shi ya sa kuɗin bincike suka bi agwagin fadama, aka bar tantabara da kurciya da balbela, waɗanda ke cin dusa ɗaya da kajin unguwa, suna shan ruwa a ragowar kududdufan bayan badala. Ungulun da Clapperton ya gani sun kusa ƙarewa a Kano, kududdufai da yawa an cike su an yi gini, ƙofar kanta gadar sama ta ratsa gabanta, amma mai fige kaji yana nan a kasuwa da tukunyar ruwan zafi guda, wadda zai tsoma kazar farko da ta ƙarshe a cikinta.