Mata Masu Dubara da Tarbiyyar Shugabanci a Kasuwancin Mata

Duk lokacin da aka tashi maganar tallafa wa mata 'yan kasuwa, jari ake fara ambata. Wannan maƙala na ganin cewa tsarin da mata ke riƙe amanar juna da shi ya riga jari muhimmanci, domin a cikinsa ake ƙera shugabanni.

Kasuwancin matan Hausa daɗaɗɗe ne. A 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana yadda matan aure ke juya hatsi, man gyaɗa da dafaffen abinci daga cikin gida, yara na kai musu talla. Adashe ne bankinsu. Sai dai rauninsa a fili yake: komai na rataye a wuyan uwar adashe. In ta riƙe gaskiya kowa ta kwashi rabonta. In ta karkace, zubin kowa ya salwanta.

Wannan giɓi ne ƙungiyar CARE ta nemi cikewa a 1991, lokacin da ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Nijar. Mata kamar ashirin zuwa talatin kan haɗu mako-mako su yi zubi. Maimakon mutum ɗaya ta kwashe, kuɗin na taruwa a akwati, ana ba mai buƙata rance ta sayi gyaɗar ƙuli-ƙuli ko tunkiyar kiwo. Akwatin na da makulli uku a hannun mata uku, kuma a ɗakin ta huɗu yake kwana. A gaban kowa ake buɗe shi, a ƙirga da babbar murya. Akwai asusu daban na haihuwa, ciwo da rasuwa. Shekara na zagayowa a raba, a sake zaɓen shugabanni.

Abin lura shi ne ikon a rarrabe yake. Shugaba ba ta taɓa kuɗi ita kaɗai, ma'aji ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Macen da ta saba jagorantar zama, ta ci makararriya tara ba tare da zumunci ya ɓaci ba, ta sasanta mai bashi da sauran 'yan uwa, ta koyi abin da taron bita na kwana uku ba zai koyar ba. Shi ya sa wasu matan waɗannan ƙungiyoyi suka tsaya takara har suka zama kansiloli a Nijar, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Masu suka na da hujja biyu. Ta farko, kuɗin akwati bai isa sayen injin niƙa ko buɗe babban shago ba. Ta biyu, ƙarin da ake ɗorawa kan rance na tayar da batun riba a shari'a. Duka biyun gaskiya ne, amma gyara suke nema, ba rushewa ba: ana iya komawa ga jarin haɗin gwiwa da raba ribar ciniki, a kuma haɗa ƙungiyoyin da suka ƙware da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa.

Don haka, hukuma ko ƙungiyar da ke son tallafa wa mata ta fara neman waɗanda suka riga suka haɗa kansu, ta ƙarfafa lissafinsu da zaɓensu, kafin ta miƙa musu ko sisi. Kuɗin da ya faɗa hannun taron da ba shi da doka rigima yake haifarwa, wanda kuwa ya tarar da tsari yakan zama jari.