Kan Sarki Ko Direban Tasha: Wa Ya Fi Riƙe Mana Amana?

'Yan uwana mata, uwayen gida da amare, musamman ku na Jega da Aliero da Maiyama. Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da ya fi shafar mu bisa ga maza, wato aiken saƙo. Namiji in yana da saƙo, sai ya zura riga ya kai da ƙafarsa. Mu kuwa da ke cikin gida, komai namu a hannun wani yake fita, a hannun wani yake shigowa: kuɗin da ɗa ya aiko daga Ikko, turmin atamfar biki, man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da muka soya na sayarwa. To, tsakanin gidan waya na gwamnati da masu kai saƙo don a biya su, wa ya fi araha, wa kuma ya fi amana?

Tun kafin zuwan Turawa ana aike a ƙasar nan. Sarakunan Gwandu da Sakkwato suna da manzanni masu kai takardu a kan doki. Talaka kuwa sai ya jira fatake. Kun san a ƙarni na 19 kasuwar Jega ta yi suna ƙwarai, ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan. Mai saƙo sai ya damƙa wa madugu ko wani falke da ya sani. Ba takarda, ba shaida, sai tsoron Allah da kunyar idon sani. In ayari ya yi wata shida, saƙo ma ya yi wata shida.

Gidan waya irin wanda muka sani daga Ingila ya samo asali. A 1840 aka fito da kan sarki na farko a can, bisa shawarar wani mutum mai suna Rowland Hill: mai aikawa shi zai biya, kuma kwabo ɗaya ne ƙaramar wasiƙa, ko kusa za ta ko nesa. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zancenmu. Ribar da aka samu a wasiƙun birni ita ke ɗauke nauyin na ƙauye. An buɗe gidan waya a Ikko a 1852, a Lakwaja kuma a 1899. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, abin ya bazu zuwa yankinmu. Sunayen ma tarihi ne: ana cewa gidan waya don a nan ake buga wayar tangarahu, ana cewa kan sarki don hoton kan Sarkin Ingila ne a jiki. Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa ƙasar Kabi ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929, saboda haka jakar wasiƙunmu a ka ko a mota take ƙarasowa.

Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960, manyan gidajen waya 176 ne a duk Nijeriya. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labarin mai rubuta wasiƙa da ke zama da teburinsa a bakin gidan waya, da katin gaisuwa da ake aika wa gidan rediyo, a zauna ana jiran a ji an ambaci suna. Amfanin gidan waya biyu ne: kuɗinsa ƙayyadadde ne ba ciniki, kuma in kika yi wa saƙo rajista za a ba ki rasit. Amma fa yana da nasa cikas gare mu. Wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gida, sai dai akwatin makaranta ko na wani ofis, daga nan ta bi hannu biyu ko uku. Ga wadda ba ta yi boko ba kuma, wani ne zai karanta mata sirrinta.

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gida biyu, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. A shekarun nan koke ya yi yawa a ƙasar kan jinkiri da ɓatan saƙo. Kamfanoni masu zaman kansu suka samu kasuwa. DHL ma tun 1979 ya shigo Nijeriya. Gidan waya ya fito da nasa tsarin gaggawa mai suna EMS a 1986, dokar 1992 kuma ta ba shi ikon ba irin waɗannan kamfanoni lasisi. Sai dai kamfani inda riba take nan yake kafa ofis, wato manyan birane, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙuli-ƙuli.

Mu a nan, kamfaninmu shi ne tasha. Allah ya ajiye Jega a mararraba: hanyar Sakkwato ta bi ta Aliero, hanyar Yawuri ta bi ta Maiyama, ga ta Birnin Kebbi. Motocin da ke kwasar albasar Aliero zuwa kudu ba sa dawowa ba saƙo. Direba yana da sauri, kin aika da safe, kafin dare ya isa Sakkwato. Amma kuɗinsa na tashi da tashin mai, kamar yadda kuka gani bayan cire tallafin fetur a 2023. In kaya ya ɓata ko man gyaɗa ya tsiyaye a hanya, yawanci sai a ce ki yi haƙuri, tsautsayi ne. Kun ga ke nan mun koma zamanin fatake, sai dai yanzu mota ce ba jaki ba.

Wayar salula da ta zo a 2001 ta kusan kashe wasiƙar gaisuwa, kuɗi ma yanzu ta banki ake turo su. Amma waya ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar takardar shaidar makaranta.

To 'yan uwa, abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, gidan waya ya ba mu shaida amma ya yi nawa, direba ya ba mu sauri amma ba shaida. Tunda ba mu muke zuwa tasha ba, sai mu nemi shaidar da kanmu. In za ki aiki yaro ko maigida, ki ce a bi ta ofishin ƙungiyar direbobi da ke cikin tasha, kada a tare mota a bakin titi. A rubuto miki lambar mota da lambar wayar direba. A faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin ƙunshin, a yi ciniki kafin mota ta tashi. Kada ki cusa kuɗi cikin kaya. Takarda mai muhimmanci da ba ta gaggawa ba kuwa, gara a yi mata rajista a gidan waya a karɓo rasit, ki adana shi a ƙasan akwatinki. Kada kunya ta hana ki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda ya karɓi ladan kai saƙo kuma, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Allah ya tsare mana guminmu, ya haɗa mu da masu amana.